Arden Pope: Gwanin da Ya Karanta Hayaƙi a Rajistar Asibiti

A watan Agusta na 1986 rigima ta ɓarke tsakanin ma'aikata da masu kamfanin mulmula ƙarafa na Geneva, wanda ke kwarin Utah a yammacin Amurka. Aiki ya tsaya cik. Manyan tanderun narka ƙarfe suka huce, bututan da suka haura shekara arba'in suna aman hayaƙi suka yi tsit. Haka aka zauna wata goma sha uku, sai a Satumba na 1987 aka sake hura wuta.

'Yan jarida sun ba da labarin albashi, 'yan siyasa sun yi ta maganar guraben aiki. Amma a Jami'ar Brigham Young da ke garin Provo, cikin wannan kwarin, akwai wani matashin malami mai koyar da ilimin tattalin arziki, sunansa Arden Pope, wanda hankalinsa ya tafi wani wuri dabam. Shi abin da ya gani shi ne an yi wa jama'ar kwari guda gwajin da babu likitan da zai iya shirya irinsa: sun daɗe suna shaƙar hayaƙi, an ɗauke musu shi shekara guda, an kuma dawo musu da shi. Saura kawai a samu wanda zai je asibiti ya buɗe rajista.

Shi ya je. Yau duk wanda ya ɗauki wata takardar bincike a kan gurɓatacciyar iska da ciwon huhu ko na zuciya, ko daga Sin aka rubuto ta, ko daga Indiya, ko daga Najeriya, da wuya ya kai ƙarshen jerin madogararta bai ci karo da sunan Pope ba. Manyan takardunsa kowace an kafa hujja da ita sau dubbai. In ka ji wane, ba banza ba. To amma yawan ambaton sawu ne kawai da masu wucewa suka bari. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne gwanintar da ta sa mutane suka yi ta bin wannan turba: yadda mutum ke gina sakamakon bincike mai ƙwarin da masoyi zai hau kansa, maƙiyi ma ya hau da niyyar karya shi, bai karye ba.

Idon da ke gane dama

Kwarin Utah kamar ƙwarya yake, manyan duwatsu sun kewaye shi. In sanyi ya shigo, iska mai sanyi kan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta zauna a samanta kamar faifai a bakin ƙwarya. Duk hayaƙin da ya tashi ba shi da mafita, sai ya yi kwanaki yana shawagi a kan gidaje da makarantu. Wani abu kuma da ya sa wurin ya dace da bincike shi ne yawancin mazaunansa mabiya ɗariƙar Momon ne, waɗanda addininsu ya hana su shan taba. A wani gari, in ka ce hayaƙin masana'anta ke sa mutane tari, nan take za a ce maka ai taba ce. A nan kuwa wannan hanzari ya yi rauni tun kafin a kawo shi.

Pope bai mallaki ɗakin gwaje-gwaje ba, ba shi kuma da wasu kuɗin bincike na a zo a gani. Abu biyu ya haɗa, waɗanda dukansu suna nan a ajiye. Na farko, alƙaluman na'urorin auna ƙurar iska da hukuma ta girka a kwarin. Na biyu, adadin waɗanda aka kwantar a asibitocin yankin wata-wata saboda ciwon huhu, asma da kumburin hanyoyin numfashi, daga Afrilu na 1985 zuwa Fabrairu na 1988. Ya jera su kafaɗa da kafaɗa.

Sakamakon ya fito a 1989 a mujallar American Journal of Public Health. A lokutan sanyin da kamfanin ke aiki, ƙurar iska ta kusan ninka ta lokacin da yake rufe. Yaran da aka kwantar saboda ciwon numfashi kuwa sun ninka sau biyu zuwa uku.

Matakin farko na gwanintar ke nan. Dubban mutane sun ga sararin sama ya washe a shekarar yajin aikin, ma'aikatan jinya ma wataƙila sun lura gadajen yara sun yi sauƙi. Amma wanda ya saba da lissafin tattalin arziki ya san darajar ranar da abu ɗaya tak ya canza, sauran abubuwa suna nan yadda suke. Mutanen su ne dai, asibitocin su ne dai, duwatsun ba su gusa ba. Bututun hayaƙi ne kaɗai ya mutu ya kuma farfaɗo.

Toshe ƙofar musu

Ba a daɗe ba aka taso masa. Wani masani da kamfanin ya ɗauko ya ce ba hayaƙi ba ne, wata ƙwayar cuta ce da ke kama ƙananan yara a lokacin sanyi, wadda takan yi tsanani wata shekarar ta lafa a wata. Maganar tana da kamar gaskiya, domin lalle akwai wannan cuta, kuma lalle tana cika asibitoci.

A nan ne ake bambance gwani da mai sa'a. Pope bai tsaya cacar baki ba. Ya tambayi kansa: in har ƙwayar cuta ce, yaya lamarin zai kasance a maƙwabta? Ƙwayar cuta ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba, in ta lafa a kwarin Utah ya kamata ta lafa a kwarurrukan da ke kusa. Sai ya ɗauko alƙaluman kwarin Salt Lake da na kwarin Cache ya gwama da na Utah. A takardar da ya fitar a 1991 ya nuna cewa sauka da hawan adadin yara masu asma da kumburin hanyoyin numfashi, daidai da rufewa da buɗewar kamfanin, a kwarin Utah aka gan shi, ba a ga irinsa a sauran biyun ba.

Bai tsaya nan ba. Shi da abokan aikinsa suka raba wa 'yan firamare da masu asma wata 'yar na'ura kamar busa, wadda ke auna ƙarfin fitar numfashi. Kullum yaro zai ja iska ya cika ƙirji, ya busa da iyakacin ƙarfinsa, a rubuta lambar da ta nuna. Ranar da ƙura ta yi yawa, sai lambar ta sauka. Suka duba rajistar fashin makaranta, ita ma ta bi ƙura. Suka duba adadin mace-mace na kullum, shi ma haka. Tambaya ɗaya ce, amma an shigo mata ta ƙofa huɗu, an tarar da amsa ɗaya.

Akwai wata shaida da ta zo daga baya wadda duk lokacin da na tuna ta sai na jinjina. Na'urar auna ƙura tana zuƙo iska ne ta bi ta cikin wata farar takarda mai kama da matata, ƙurar ta maƙale a jikinta. An adana waɗannan takardu na shekarun nan. Wasu masu bincike biyu na Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, Andrew Ghio da Robert Devlin, suka samo su, suka jiƙa su a ruwa, suka tace abin da ya fito. Da yardar wasu lafiyayyun mutane da suka ba da kansu, aka ɗiga ɗan kaɗan a wani lungu na huhunsu, washegari aka duba. Ruwan takardun shekarun da kamfanin ke aiki ya fi yawan ɓurɓushin ƙarafa, ya kuma fi jawo kumburi. Na shekarar yajin aiki bai yi wannan ɓarnar ba. An buga wannan a 2001. Abin da malamin tattalin arziki ya hango a jerin lambobi, sai ga shi an gan shi a cikin huhun ɗan Adam. Gani ya kori ji.

Tuhumar sakamakon kai

Tun 1974 wasu masana a Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Benjamin Ferris da Frank Speizer, suka fara bin sawun mutane a garuruwa shida na Amurka: Watertown, Harriman, St. Louis, Steubenville, Portage da Topeka. Sun ɗauki manya 8,111, suka rubuta shekarunsu, aikinsu, iliminsu, nauyinsu da tarihin shan tabarsu, suka girka na'urorin auna iska a kowane gari, sannan suka yi ta bibiyarsu shekara 14 zuwa 16 don sanin wanda ke raye da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Pope ya shiga cikin tawagar a lokacin fitar da sakamako, tare da Douglas Dockery, wanda ya zama abokin tafiyarsa na tsawon shekaru.

Abin da lissafi ya fitar ya girgiza su kansu. Bayan an cire tasirin taba da sauran abubuwa, yawan mutuwa a Steubenville, garin da iskarsa ta fi ƙazanta, ya ɗara na Portage, mai iska mafi tsabta, da kashi 26 cikin 100. Kuma ƙarin ya taru ne a sankarar huhu da cututtukan huhu da zuciya, ba a gan shi a sauran sanadin mutuwa ba. Abin da ya fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da mutuwar shi ne ƙura mafi laushi, wadda ake wa laƙabi da PM2.5. Ƙwayarta ba ta wuce maikiromita biyu da rabi ba, wato sai ka jera kusan talatin kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya.

A wancan zamani an yarda cewa hayaƙi mai kauri yana kisa. Kowa ya san hazon Landan na Disamban 1952, wanda ya halaka dubban mutane cikin 'yan kwanaki. Amma a ce iskar yau da kullum, wadda doka ta amince da ita, tana rage kwanan mutane a hankali, wannan magana ce babba. Mai gaggawar suna da ya ruga ya buga ta. Su kuwa sai suka fara tuhumar kansu. Garuruwa shida ba su da yawa, wataƙila akwai wani bambanci tsakaninsu da ido bai kai gare shi ba.

Sai suka nemi inda za su gwada maganar a wani taro dabam da ba su suka tara shi ba. Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta riga ta yi wa mutane sama da miliyan ɗaya rajista a 1982 don nazarin sanadin sankara. Pope ya haɗa bayanan 552,138 daga cikinsu da alƙaluman iskar birane 151. Amsa ta sake fitowa ta fuska ɗaya: tsakanin birane mafi ƙazanta da mafi tsabta akwai ratar kashi 15 zuwa 17 cikin 100. Takardar garuruwa shida ta fito a Disamban 1993 a mujallar New England Journal of Medicine, ta biyun ta biyo baya a 1995. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma mai hankali shi ke fara gwada kayansa kafin ya kai kasuwa.

Miƙa littafi ga mai bin diddigi

A 1997 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta kafa iyaka ta farko a kan ƙurar PM2.5, ta kuma dogara ƙwarai da waɗannan takardu biyu. Dokar na nufin kashe maƙudan kuɗi ga masu tashoshin wutar kwal, masana'antu da masu manyan motoci. Nan fa aka yi ca a kan masu binciken. Aka ce sun ɓoye bayanai, aka nemi su fito da takardun mutanen da suka bibiya. Su kuma sun yi wa waɗannan mutane alkawarin rufa musu asiri, domin a ƙaramin gari ranar mutuwar mutum da sana'arsa sun isa a gane ko wane ne.

Ga alkawari a hannu ɗaya, ga zargi a ɗaya. Mafitar da aka samu ita ce a miƙa komai ga wata cibiya mai suna Health Effects Institute, wadda gwamnati da kamfanonin motoci ke ɗaukar nauyinta tare, ta naɗa masu bin diddigi da ba su da hannu a aikin farko. Tawagar, ƙarƙashin Daniel Krewski na Kanada, ta koma har kan takardun tambayoyi da shaidar mutuwa ta tantance su, ta sake lissafin daga tushe, sannan ta yi ta sauya hanyoyin lissafi da ƙara wasu dalilai ko sakamakon zai rushe. A 2000 ta fitar da rahoto: lambobin sun tsaya. Ta ma ƙara gano cewa illar ta fi tsanani a kan masu ƙarancin ilimin boko.

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗin wata ƙungiya ya san yadda zuciya ke bugawa ranar da masu binciken kuɗi suka zo. Wanda ya san ya rubuta kowane kwabo a inda ya dace ne kaɗai ke miƙa littafi hankali kwance. Wannan natsuwar ba a ranar ake samunta ba, tun ranar da aka fara cika layin farko ake tara ta.

Daga huhu zuwa zuciya

Kowa zai yarda cewa ƙura na cutar da huhu, tunda can take shiga. Amma da aka rarrabe alƙaluman, sai ga shi mafi yawan waɗanda ƙurar ke kaiwa kushewa ta hanyar zuciya take kai su. A 2002 Pope da abokansa suka buga takarda a mujallar JAMA, bayan sun bi mutum kusan 500,000 har zuwa 1998. Ana auna ƙurar ne da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska. Suka nuna cewa duk ƙarin maikirogiram 10 yana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa na kusan kashi 4 cikin 100 gaba ɗaya, kashi 6 ta ciwon huhu da zuciya, kashi 8 ta sankarar huhu.

Dubi yadda aka tsara wannan magana: ƙari kaza yana jawo kaza. Gwanintar rubutu ke nan. Sakamakon da aka zuba a irin wannan mudu, kowa na iya ɗaukarsa ya auna garinsu da shi. Injiniya zai yi amfani da shi, mai tsara kasafin kuɗi zai yi, ɗalibin digiri na biyu a wata nahiya zai yi. Shi ya sa wannan takarda ta shiga sahun waɗanda aka fi ambato a fagen.

To ta yaya ƙura ke kai wa zuciya? Manyan ƙwayoyi gashin hanci da majina ke tare su, tari da atishawa su fitar da su. Masu laushin kuwa sukan zarce har can ƙarshen huhu, cikin 'yan jakunkunan da iska ke saduwa da jini. Jiki ya ɗauke su a matsayin abokan gaba, ya tayar da kumburi. Kumburin ba ya tsayawa a huhu, saƙonsa na bin jini, ya sa bangon jijiyoyi ya riƙa tauri yana tara kitse, jini kuma ya fi saurin yin guda. Sannan jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya su ma sukan rikice. Takardar da Pope ya jagoranta a 2004 a mujallar Circulation ta bi sanadin mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ta nuna cewa sun dace da waɗannan hanyoyi. A 2010 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da matsaya, da Pope cikin marubutanta, cewa wannan ƙura sanadi ce ta ciwon zuciya da mutuwa.

Sannan ya juyo da tambayar ta fuskar alheri: in an tsabtace iska, me ake samu? A 2009, tare da Majid Ezzati da Dockery, ya gwama yankunan birane 51 tsakanin wajen 1980 da wajen 2000. Inda ƙura ta ragu da maikirogiram 10, tsawon rai ya ƙaru da kusan wata bakwai a kan kowane mutum. Tambayar kwarin Utah ce dai, aka faɗaɗa ta ta game ƙasa.

Yadda ake karanta ambato

Mu da muka tashi a gaban malaman zaure ba baƙi ba ne ga al'adar ambaton madogara. Malami ba ya yanke hukunci da ka, sai ya ce wane ya faɗa a littafi kaza. Malaman hadisi kuwa sun mayar da sanin wa ya karɓa daga wa ilimi mai zaman kansa. Haka takardar kimiyya take: kowace da'awa tana ɗauke da 'yar lamba, lambar na kai ka ga sunan wanda aka dogara da shi.

Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya yi tunanin juya jerin. Maimakon a tambayi wa wannan takarda ta ambata, a tambayi su wa suka ambace ta bayan fitowarta. A 1964 ya fara fitar da kundin da ke ba da wannan amsa. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziya, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin da ake kira h: in an ce na mutum 20 ne, yana da takardu 20 da kowace aka ambata aƙalla sau 20. Yau da waya a hannu kowa na iya shiga Google Scholar ya ga waɗannan lambobi.

Sai dai karanta su ma gwaninta ne. Akwai ambaton gaisuwa, wanda marubuci ke jefawa a gabatarwa don a san ya yi karatu. Akwai na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin abokai. Akwai wanda mutum ke yi wa kansa ba gaira ba dalili, alhali yabon kai jahilci. Akwai kuma ambaton ƙaryatawa: takardar da ta fito a The Lancet a 1998, wadda ta yi wa wata allurar rigakafin yara ƙazafi, an janye ta a 2010 bayan an gano rashin gaskiyarta, amma tana da ambato masu yawa, domin masu rushe ta dole su kira sunanta.

Haka kuma fage ya fi fage yawan jama'a. A shekarun 1970, wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi rubutu daga asibitin koyarwa na Zariya a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da al'adun jego kamar kunun kanwa da gashin jiki. Shekaru da dama bayan haka Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokansa suka sake auna lamarin a asibitoci daban-daban na Najeriya, alƙalumansu suka fi nuni ga rama, talauci da hawan jinin masu ciki. Sun ambaci magabata, sun kuma yi musu gyara. Irin wannan aiki ba zai tara lambobin da binciken iskar Amurka ke tarawa ba, saboda masu rubutu a kansa kaɗan ne, amma ga mai jegon da numfashi ke gagara babu aikin da ya fi shi daraja.

Saboda haka mai karatun kirki ba ya tsayawa ga nawa ne. Yakan tambayi su wa suka ambata, me suka gina a kai, shekara nawa aka yi ana dawowa, sannan ko wanda ya zo da niyyar rusawa ya yi nasara. A nan ne lambobin Pope suka yi nauyi. An ambace shi a dokokin ƙasa da aka yi shari'a a kansu har Kotun Ƙolin Amurka. Amurka ta sauko da iyakarta ta shekara daga maikirogiram 15 zuwa 12 a 2012. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nata ma'aunin a kan 10 a 2005, ta mayar da shi 5 a 2021. A 2013 hukumarta mai binciken sankara ta sanya gurɓatacciyar iskar waje cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. A ƙarƙashin kowane ɗayan waɗannan akwai aikin da shi da abokansa suka aza.

Inda sarƙar ta iso mu

Akwai wata takarda tasa ta 2009 da ta fi shafar mu kai tsaye. A cikinta ya ɗora masu shaƙar iskar birni, da masu zama kusa da mashaya taba, da mashayan kansu, duk a kan sikeli ɗaya. Sai ya ga haɗarin ciwon zuciya yana hawa da sauri tun daga ɗan ƙaramin hayaƙi, sannan hawan ya riƙa lafawa can sama. Wasu masana suka ɗauki wannan suka ƙera ma'aunin da ya cike gurbin da ke tsakanin iskar birni da taba, kuma a wannan gurbi ne hayaƙin murhu yake. Da irin wannan lissafi aka kai ga ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa, cewa gurɓatar iska ta waje da ta cikin gida na sanadin mutuwar kusan mutum miliyan bakwai a shekara, wajen miliyan uku daga ciki ta hayaƙin girki.

Ka tuna madafar gidanku da asuba a lokacin damina. Itacen ya jiƙe, uwar gida ta durƙusa tana hura wuta da baki, idanunta na zubar da hawaye, goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Rufin ɗakin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Tsakanin wannan mata da yaran kwarin Utah akwai sarƙar ambato, takarda na riƙe da takarda, har aka kai ga sanya ta cikin lissafin duniya.

Amma lambobin Pope daga hayaƙin kwal, ƙarfe da motoci aka samo su. Iskarmu tana da nata hali. Kowace shekara hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ya zube ta a kan Damagaram, Maraɗi, Kano da Sakkwato, ta haɗu da hayaƙin janareto, itace, gawayi da bolar da ake ƙonawa. Mu ya kamata mu auna wannan haɗin. Ranaku irin na kamfanin Geneva kuwa suna zuwa mana. A Janairun 2013 aka hana acaɓa a Kano, dubban babura suka bar ɗaukar fasinja dare ɗaya. A 2020 aka kulle birane saboda korona. Duk unguwar da ta koma girki da gas, duk kasuwar da ta koma wutar sola ta kashe janareto, gwaji ne da ya kawo kansa.

Abin da Pope ya tarar a shirye shi ne na'ura mai auna iska kullum ba fashi, da rajistar asibiti da aka cika da gaskiya. Ma'aikaciyar jinyar da ke zaune a ɗakin yara da tsakar dare, ta rubuta kwanan wata daidai, da shekarun yaro, da unguwarsu, da abin da ya kawo shi, ita ke aza tubalin farko, ko da sunanta ba zai taɓa fitowa a jerin madogara ba. Bayanta sai mai ido, wanda zai dubi sararin sama ran da hazo ya sauka, ya tuna da wannan rajistar, ya tashi ya je ya buɗe ta.